Cajar Da Ta Kai Ni Maraɗi

Tun da na dawo ba a bar ni na huta ba. Kullum na zauna a majalisarmu ta bakin kasuwar Kusada sai wani ya gyara zama ya ce, "To Malam Lawal, wai mi ya kai ka Maraɗi?" Wasu sun ce raƙumi na je tayawa, Ɗanjuma mai shayi kuwa ya rantse aure na je nema. Na gaji da ba da labarin guntu-guntu, kowa ya ɗauki nasa ya ƙara masa gishiri. To ga shi nan gaba ɗaya, wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba. Caja na je saye, irin wadda ake sokawa a bango.

'Yata ta fari ce ta haihu, aka sami mace, bakwaini. Mijinta yana aiki can kudu, ita kuma ta zo gida wanka kamar yadda aka saba. Da aka miƙo mini jaririyar cikin tsumma sai da gabana ya faɗi, don ban taɓa ganin mutum ƙarami haka ba. Ko ƙarfin kama nono ba ta da shi. Ma'aikaciyar asibiti ta ce kada a ba ta komai sai nonon uwarta, a tatsa a riƙa ɗiga mata da ɗan cokali, kuma a yi ta tatsar a kai a kai, in aka yi sake nonon zai janye. Da ƙanwata Hurera, wadda ke aure a Maraɗi, ta ji haka, sai ta aiko da wata 'yar na'ura ta tatsar nono mai batir, ana yi mata caji kamar waya. Na'urar nan ta yi mana rana. Kofi yana cika, jaririya tana sha, har kumatu suka fara fitowa. Ni kuwa na sa mata suna Amarya, kamar yadda kowane kaka ke tsokanar jikarsa.

Rannan aka kawo wuta da ƙarfin tsiya bayan an daɗe ba a gan ta ba. Ta fasa mana ƙwayayen fitila, ta ƙone cajar da aka manta a bango. Allah ya taimaka ba a haɗa ta da na'urar ba. Batir ya ɗan ja su, sannan ya mutu. Aka koma tatsa da hannu, mai jego tana kuka don ciwo, ƙirji ya kumbura, kofin da yake cika ya koma rabi. Inna Delu, yayar mahaifiyata da ke zaune da mu, ta fara cewa a zamaninsu nonon akuya ake ba irin waɗannan, kuma ga su nan sun rayu. Waɗanda ba su rayu ba dai ba ta ambace su ba.

Ku da kuka san ni kun san ban taɓa kiran sunan mai jegon nan ba. 'Yar fari ce. In tana tsakar gida nakan kau da kai, in zan yi maganarta sai in ce "waccan". Haka muka tarar da iyayenmu suna yi, kuma ba rashin so ba ne, wallahi duk cikin 'ya'yana babu wadda nake ji kamarta. To yanzu a ce ni in ɗauki abin tatsar nononta in shiga kasuwa ina nuna wa maza? Na ce da uwargida ta ba ni ƙonanniyar cajar kawai, in je Kankiya in sayo irinta. Ta dube ni, ta miƙo mini na jefa aljihu. Ina zaure da maƙwabta biyu da suka zo gaisuwa, sai ta turo jakata ta ƙarƙashin labule ta ce, "Komi na ciki, Malam." Na ɗauka guzuri take nufi, har na yi mita a raina, Kankiya nan da nan wane guzuri.

Damina ce, gero ya fitar da kai, hanya duk tabkuna. Motar da na samu ta ɗauko mu tamkar buhuna, ga wani ɗan akuya a bayan kujera yana shaƙar ƙeyata har muka isa. Na sauka bakin titin Kano zuwa Katsina, na nufi rumfar Sabi'u mai kayan wuta, wanda ya san ni tun yana bin mahaifinsa cin kasuwar Kusada. Na ajiye masa cajar a kan tebur.

"Baba, cajar mi ce wannan?"

"Ta wata 'yar na'ura ce."

"Rediyo?"

"A'a."

"Abin aski?"

"A'a."

"Ko abin awon hawan jini?"

Na ce, "To, kusa da haka dai."

Ya juya ta, ya kanga ta a rana. Rubutun da ke bayanta duk ya narke. Ya ce, "Baba, ina da masu irin bakin nan sun kai kala huɗu, duk za su shiga. Amma shiga ba ita ce magana ba. In wutar ta hi ƙarhin na'urar, nan take za ta ƙone ta. In ta gaza, ba za ta tashe ta ba. Lambar tana rubuce a gindin na'urar, a kawo mani ita in duba." Na ce ya dai ba ni wadda ya fi zato. Ya ce shi ba ya sayar da zato. Na ji haushinsa ƙwarai a lokacin, ina ganin yaro ne ke yi mini iyayi.

Da na koma Kusada na ɗauko na'urar, da magana ta ƙare. To amma mijin yarinyar ɗan Kankiya ne, kuma a bencin da ke gefen rumfar nan baffansa ne zaune yana jan carbi, mun ma gaisa. In dawo in kwance abin nan a gabansa? Sai na koma gefe na kira Hurera a waya, na tambaye ta ko za ta sayo cajar ta ba direba. Ta aika kantin maganin da ta sayi na'urar, aka ce cajar iri-iri ce, sai an ga tsohuwar. Ta ce, "Yaya, ka taho da kanka mana. Rabonka da gidana tun sunan Auta." Ban tsaya dogon tunani ba, na tare motar Katsina.

A Katsina na gwada shaguna biyu kusa da tasha, ko Allah zai sa in huta da sauran tafiyar. Tambayar dai ita ce, amsata ita ce, har wani ya ce da abokinsa cikin raɗa, tsohon nan kamar satar na'urar ya yi. Na yi kamar ban ji ba, na shiga motar Jibiya. Kusa da ni wata Hajiya ce 'yar kasuwa mai kai atamfa Maraɗi, ta san kowane shinge da sunan wanda ke tsaye a kansa, tana ta rabon goro da gaisuwa ta taga. Ita ta nuna mini inda zan canja kuɗi a kan iyaka, ta kuma ja mini kunne kada in yi gardama da kowa, in aka ce sauka in sauka.

A ɓangarenmu aka duba mu muka wuce. Da muka shiga ɓangaren Nijar aka ce kowa ya sauko da kayansa. Jami'an suna Faransanci a tsakaninsu, amma in sun juyo gare ka Hausarsu irin tamu ce sak, ka ce 'yan Kusada ne aka sa wa wata hula. Wani dogo ya zuge jakata. Ya fito da ƙullin ƙuli-ƙuli, ya fito da dabino, sannan ya zaro wani abu naɗe cikin zanen uwargida. Yana kwancewa sai ga na'urar nan, da mazurarinta, da 'yar tiyo, da kwalba. Ashe tun daga gida tana rataye a kafaɗata.

Ya ɗaga mazurarin sama kowa yana gani. "Alhaji, wanga hwa mi ne ne?"

Fasinjoji suka zagaye mu. Wani ya ce abin shaƙa ne na masu ciwon ƙirji, wani ya ce a'a, irin tukunyar hayaƙin nan ce ta samarin zamani. Ni dai zufa kawai nake yi. Jami'in ya ga dattijo ya yi shiru yana rarraba ido, sai fuskarsa ta canja. Ya ce in koma gefe, za a tura abin ofis a bincika, mota ta tafi. Direba ya fara mayar da kaya.

Nan ne kofin nan da ya koma rabi ya faɗo mini a rai. Na ga in na ci gaba da shiru, Amarya ce za ta biya kunyata. Na ce, da murya wadda ni kaina ban san ina da ita ba, "Ranka ya daɗe, abin tatsar nono ne. Ɗiyata ta hwari ta haihu bakwaini, jaririyar ba ta iya kama nono. Cajar ta ƙone, ita na zo nema."

Sai wata jami'a mace da ke zaune a inuwa ta taso da sauri, ta fizge mazurarin daga hannun dogon nan, tana yi masa faɗa wai da hannun da ya taɓa buhunan duniya zai riƙe abin abincin jariri. Ta naɗe kayan da kanta. Ta ce, "Baba, kada ka damu. Nawa ma bakwaini ne, yanzu shina makaranta, duk ajin babu wanda ya kai shi ɓarna." Kafin ta rufe zanen ta kifa na'urar ta nuna mini wani ƙaramin rubutu a gindinta, ta ce wannan zan nuna wa mai shago. Maganar Sabi'u ke nan. Na rasa dariya zan yi ko kuka. Dogon ya ce in yi haƙuri, ya yi wa jaririya addu'a, fasinjoji suka amsa da amin. Hajiya mai atamfa kuwa har muka shiga Maraɗi tana yi mini faɗa kamar ta haife ni, wai ku maza kunyarku ta fi hankalinku yawa.

Na isa gidan Hurera gab da magariba. Da na ba ta labari ta yi dariya har ta zauna ƙasa tana share hawaye. Mijinta, Alhaji Mamman, mutum ne mai sanyin hali, shi dai murmushi ya yi ya jawo kaskon shayi. A can ba a ba ka shayi a babban kofi da madara kamar na Ɗanjuma. Ɗan mitsitsin gilashi ne, na farko ɗaci kamar magani, kana murna an gama sai a sake dafa na biyu, sannan na uku, kuma tashi kafin na ukun rashin ladabi ne. Burodinsu dogo ne kamar taɓarya, ɓawonsa ya kusa tafiya da haƙorina na gaba. Amma miyar da Hurera ta zuba a kan shinkafa ta gidanmu ce, hannun mahaifiyarmu sak, na ci har na ji kunya. Wutar lantarki su kuran suke ce mata, kuma ramukan soket ɗinsu biyu ne zagayayyu, ba uku masu kusurwa irin namu ba. Alhaji Mamman ya ce ai wutar ma daga wajenku ake jawo mana ita. Na ce to ku riƙe ta da kyau, mu can sai dai ta leƙo ta yi ɓarna ta koma.

Bayan salla na kira gida. Uwargida ta ce jikin mai jego ya yi zafi, ƙirjin ya yi tauri, abin da aka samu yau bai kai na jiya ba. Amarya ta sha ɗan kaɗan ta yi barci, kukanta ma ba ya fita sosai. Inna Delu kuma ta sa an kawo akuya mai shayarwa an ɗaure a tsakar gida. Na ce don girman Allah a ba ni zuwa gobe, kada a ɗiga wa Amarya nonon akuyar. Sannan na ce, "Ke kuma, mi ya hana ki hwaɗa mani kin sa abin nan cikin jaka?"

Ta ce, "Gaban maƙwabta zan hwaɗa? Kai kaɗai ke da kunya? Na ce maka komi na ciki, ai mutum ya kan buɗe jakarshi."

Tsoro ne ya cika ni a daren nan, na yi ta roƙon Allah ya riƙe mini 'yar mutanen nan.

Da safe muka tafi kantin maganin ni da Hurera. Matar da ke wurin ta ce ba sa sayar da caja ita kaɗai, sai dai na'ura sukutum. Amma ta kifa tamu ta yi mini bayani dalla-dalla. Ta ce lambar farko ƙarfin wutar ce, dole ta zo daidai, kada ta ɗara kada ta gaza. Ta biyu kuwa in ta cajar ta ɗan fi ba laifi, ƙasa ne ba a so. Ga kuma wani ɗan zane mai nuna yadda wutar ke shiga bakin, shi ma sai ya dace. Ta kwatanta mana layin masu kayan wuta a cikin kasuwa.

Mai shagon da muka tsaya wurinsa bai gama buɗe baki ba na kwance zanen na ce, "Abin tatsar nono ne, na ɗiyata, caja nike so." Hurera ta kalle ni ta gefen ido. Abin da ya gagare ni a Kankiya, a nan ya fito kamar ina tayin gero. Mutumin ko a jikinsa, ya karanta gindin na'urar ya jero mini guda uku. Ta farko ba nauyi, ka ce babu komai a cikinta, shi da kansa ya ce ba ya ba ni shawarar ta. Ta biyu ita ta tafi da hankalina. Kawuna gare ta birjik, ga wani ɗan maɓalli da ake murɗawa a ƙara wuta ko a rage, wai tana yi wa rediyo, tana yi wa fitila, tana yi wa komai. Na ce ai wannan ita ce, an huta.

Hurera ta ce, "Yaya, gidanka mai jikoki kamar tururuwa? Wa zai tsare maɓallin nan? Rana ɗaya wani ya murɗa shi, ko a ɗauke ta a kai wa rediyo a manta ba a maido lambar ba, shi ke nan an ƙone na'urar."

Gaskiyarta. Na hango Inna Delu ma da kanta tana murɗawa don ta ga abin da zai faru. Muka ɗauki ta ukun, baƙa mai ɗan nauyi, wadda aiki ɗaya ta sani, lambobinta da zanenta duk sun yi daidai da na gindin na'urar. Na sa shi ya gwada ƙananan rubutun sau biyu a gabana. Ya soka a bango, wata 'yar fitila ta kama, ya danna, sai na'urar ta fara gurnani a hankali. Na kifa mazurarin a tafin hannuna, na ji tana ja tana saki. Daɗin da na ji a lokacin ba ya faɗuwa. Na sayi biyu, na haɗa da adafta saboda ƙafafunta zagayayyu ne.

Ni da na so in wuce tasha daga nan, amma Hurera ta ce ban isa ba. Wa ya ce mini zan tarar da wuta a Kusada? A bar batirin na'urar ya cika tukuna. Haka na zauna a bencin mai shago ina shan fura, idona a kan 'yar fitilar nan har ta canja launi.

Dawowa ba ta da labari mai yawa. A kan iyaka jami'ar jiya ta hango ni, na ɗaga mata cajar sama, ta tafa hannu. A Kankiya, kafin motar Kusada ta cika, na leƙa wurin Sabi'u na nuna masa abin da na sayo, na kuma gaya masa ko ta mece ce, ba tare da na duba wanda ke zaune a benci ba. Ya karanta lambar, ya miƙa hannu bayansa ya zaro irinta daga kan ƙusa. Ya ce, "Baba, ai ga ta nan." Na ce ya mayar da abarsa, ni tawa ta ƙasar waje ce.

La'asar sakaliya na shiga gida. Akuyar tana nan ɗaure tana cin harawa, kuma ba wuta, kamar yadda Hurera ta faɗa. Uwargida ta karɓi jakar ta shige ɗaki da sauri. Na tambayi Inna Delu ko an ba Amarya nonon akuyar, ta ce, "Ba a ba ta ba, uwar ta hana. Taurin kai irin naka gare ta." Jim kaɗan na jiyo gurnanin nan daga ɗaki. Ta bayan labule wata murya a gajiye ta ce, "Baba, sannu da hanya." Na ce yauwa, na yi sauri na koma zaure.

Ranar ba a sami nonon kirki ba. Washegari ya ɗan ƙaru, zazzaɓin ya sauka, a hankali kofi ya koma cika. Aka mayar wa mai akuya akuyarsa. Na kafa doka, duk wanda ya bar cajar a bango bayan an gama caji, ni da shi ne.

Bayan 'yan makonni, wata ranar kasuwa, ina zaure ina sa takalmi, uwargida ta leƙo ta yafuto ni. Gabana ya faɗi, na bi ta da takalmi ɗaya a ƙafa. Ta tsayar da ni a ƙofar ɗakin mai jego, ta ce in saurara. Na kasa kunne, ban ji gurnanin na'ura ba. Na ce ko cajar ce kuma? Ta ce, "Kai dai saurara." Sai na jiyo wani ɗan sauti siriri, tsut, tsut, sannan a yi shiru, sannan a haɗiye.

"Ta kama da kanta," in ji uwargida. "Tun asuba take sha."

Na so in yi tsokana, in ce Amarya sai da kika tura ni wata ƙasa sannan kika ga dama, amma sai hawaye suka zubo mini a gaban matata. Na jingina da bango ina sauraron jikata tana haɗiya. Ranar nan kasuwar Kusada ta ci ta watse ban leƙa ta ba.